Tattabarar Vukashin Ta Sauka a Rufin Dobrivoye

Vukashin mahauci ne tun yana saurayi, duk garin Leskovac an san hannunsa, in ya damƙi ƙafar bijimi sai bijimin ya durƙusa. Ya bar aiki ba da daɗewa ba korona ta zo, aka ce tsofaffi kar wanda ya leƙo ko ƙofar gida. To fa, mutumin da bai iya zama ba! Ya faskare itacen gidan kaf har da kujera mai kyau, ya koma wasa wuƙaƙe, safe da yamma ƙiii ƙiii, har matarsa Milojka ta ce, "Tsoho, in yanka ni za ka yi ka yanka mu huta."

Sai ya tuna tattabaru, abin da ya yi da ƙuruciya. Ya hau rufi ya buga akurki, surukinsa ya kawo masa kaɗan, cikinsu akwai wani fari mai suna Beli, in ya tashi sai ya zama ɗigo a sama. Wallahi mutumin nan da bai taɓa shafa kan 'yarsa ba, sai ga shi yana tauna alkama yana ba Beli a baki.

To masu tattabaru suna da doka, wadda ta sauka a rufinka taka ce, sai in mai ita ya zo da ƙafarsa, da kwalbar barasar da suke kira rakiya, ya cire hula ya roƙa. Kuma tsallaken titi akwai Dobrivoye, tsohon direban bas, shi ma mai tattabaru, ba sa ga maciji da Vukashin tun wani rikicin iyakar gona. Dobrivoye ya ɗaure macen tattabara a rufinsa tana ta kuka, Beli ya sauko daga sama bai zame ko'ina ba sai wajenta, caraf aka kife shi da raga.

"Makwabci!" Dobrivoye ya ƙwala daga rufinsa, ya ɗaga Beli sama. "Ga baƙo na yi! Ka zo da hularka a hannu, in ba haka ba na fige masa fukafukai ya zama kaza!"

"Uban wa zai cire maka hula, mai kan kabewa? Sake shi!"

"Au, na manta, an kulle ka kamar akuya. Milojka ta baka izini tukuna!"

Sai Dobrivoye ya fizgi gashin Beli ɗaya ya hura ya bi iska. Ya sake fizgar wani.

Milojka ta dangwara wa Vukashin kwalba a gaba. "Ɗauki ka je ka roƙa, bakinka ba zai yage ba. 'Yan sanda ma yanzu suka wuce."

Ya ɗauki kwalbar kuwa, hula na kansa, ya tsallake titi da silifas. Dobrivoye ya sauko yana murmushi, Beli a hannu ɗaya, ya ce, "Hular fa?" Ai kwalbar ce ta ba shi amsa, tasss a goshi, jini da rakiya suka wanke masa fuska. Vukashin ya warce Beli ya cusa cikin riga, ya kai naushi, haƙori ya yi tsalle ya faɗa kwata. Dobrivoye ya rarumo sandar da yake korar tattabaru, ya zabga masa a kunne, ya zabga a kafaɗa, ya tattara ƙarfi ya maka masa a ƙirji, tim! Suka kama juna suka zube cikin lambun kabeji, tsofaffi biyu suna cizo suna haki, mata na ihu ta taga ba mai iya fitowa. Vukashin ya danne shi ya shaƙe har idonsa ya firfito, sai da matar Dobrivoye ta sheƙa masa ruwan zafi a baya ya saki.

Ya dawo gida kunne na ɗiga, silifas ɗaya, yana dariya. "Milojka, zo ki gani, ban cire hula ba!"

Ya buɗe riga. Beli ya faɗo a tebur, wuya ya langaɓe, jini a baki, ashe sandar da ta sauka a ƙirji shi ta samu.

Vukashin ya shafa fukafukin da aka fige, ya shafa, ya shafa, sannan ya cire hular ya rufe shi da ita.

Tun ranar bai ƙara hawa rufi ba, surukin ne ya zo ya kwashe sauran. Ya jawo dutsen wasa wuƙa ya zauna a taga yana kallon gidan Dobrivoye, amma da ya buɗe aljihun tebur babu wuƙa ko ɗaya, Milojka ta zuba su duka a rijiya.