Rijiyar Da Muka Cike

Ko da zan manta komai a duniya, ba zan manta da shekarar da muka cike rijiyar garinmu da hannunmu ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Jega da Maiyama, kuma a da kowane gida rariyarsa kan hanya take zuba. Ruwan wanka, na wanke-wanke, har da wanda ke tsatsowa daga masai, duk a lungu suke haɗuwa. Kullum faɗa tsakanin maƙwabta, ga sauro. Da abin ya ishe mu sai mai gari ya kira gayya, muka haƙa doguwar kwata muka kai ta tsohon kududdufin da ake ɗiban ƙasar gini. Ranar har da kiɗa. Mu manoman albasa mun fi kowa murna, don da rani muka kafa injin ban-ruwa a bakin ramin, albasa ta yi kai kamar ba gobe. Babu wanda ya tsaya ya dubi cewa rijiyar da muke taƙama da ita tana gangaren wannan rami.

Da damina ta yi nisa wani duba-gari ya zo, ya zagaya, ya ce a daina shan rijiyar, ƙazantar kududdufi na bi ta ƙarƙashin ƙasa. Aka ɗebo guga aka miƙa masa. Mu dai abin da muka sani, ruwan da bai canza launi ko ɗanɗano ko wari ba, mai tsarki ne. Mutumin ya ce ba tsarki yake magana ba, cuta yake magana. Da ya hau babur ɗinsa dariya aka bi shi da ita.

A makon ne aka yi sunan ɗana na fari. A garinmu ba a dama furar suna sai da ruwan wannan rijiya, na burtsatse wai ƙarfe-ƙarfe yake. Na ɗan yi wa mahaifiyata maganar duba-garin, ta dube ni ta ce, "Tun ina amarya ruwan ga nika sha, da shi anka yi naka suna. Mi as same shi yau?" Ita ta dama furar da kanta, ita ta fara kurɓa.

Washegari amai da gudawa suka shiga gari. Gidan da ka leƙa sai ka ga mutum kwance. Kafin azahar Inna ta zube, idanunta sun faɗa, fatar hannunta ta yamushe. Muka ɗora ta a babur za mu kai ta asibitin Jega, ƙanena na tuƙi, ni ina riƙe da ita ta baya, hanya duk taɓo. Ta jingina kanta a ƙirjina ta tambaye ni ko baƙi sun ƙoshi. Na ce sun ƙoshi. Muna hango rumfunan kasuwar Jega na ji jikinta ya saki.

Ba ita kaɗai muka binne ba a wannan mako. Bayan sadakar bakwai aka sake kiran gayya, wannan karon babu kiɗa. Ina zuba ƙasa a rijiyar ina hawaye, ruwanta kuwa har lokacin garau yake.

Yaron yanzu ya shiga makaranta, sai dai a nuna masa ɗakin kakarsa. Abin da na koya shi ne, ƙazantar da ka kora daga ƙofar gidanka ba tafiya ta yi ba. Idan ba ka bi ta ka ga inda ta kwanta ba, a ƙwaryar mahaifiyarka za ka same ta.