Ranar da Na Ce wa Alhaji "Ke" a Murshid Bazaar

Shekarun baya, ina sabuwar zuwa Dubai, na tafka wani abin kunya a tsakiyar kasuwa. Har yau idan na tuna sai in yi dariya, kafin in gama kuma ƙwalla ta cika min ido. Amma bari in fara gaya muku inda na tashi, in ba haka ba cewa za ku yi shara ta nake.

A wani ƙauye na ƙasar Ireland na girma. Ƙauye fa na gaske: coci ɗaya, kanti ɗaya, shanu sun fi mutane yawa, ruwan sama kuma ba shi da ranar hutu. Mahaifina likitan dabbobi ne, aiki ya kai shi can, Allah Ya yi masa rasuwa ina shekara uku. Mahaifiyata ta zauna, ta kama aiki a gidan kula da tsofaffi. Mu biyu ne kaɗai baƙaƙen fata a duk yankin. Akwai yarinyar da ta taɓa lasar yatsanta ta goga min a hannu, wai ta ga ko zai fita. Tsofaffi kuwa a cikin bas sai dai in ji hannu a kan kitsona, ba sallama ba neman izini.

A gida Hausa muke yi. Da wautata ta yarinta na ɗauka yaren mu biyu ne, sai ƙannenta mata uku da take kira a waya duk Lahadi. Har lissafi na yi: mutum biyar ke jin Hausa a duniya. Da na girma na san ba haka ba ne, amma sanin takarda ne kawai, kunnena bai taɓa shaidawa ba.

Ina shekara sha ɗaya na manta rigar sanyina a gida. Mahaifiyata ta biyo ni har ƙofar makaranta, ta ɗaga murya ta ce, "Ke! Zo ki karɓi rigarki!" Shi ke nan, yara suka samu abin yi. Shekara guda cur ana bi na da "ke-ke-ke" kamar kukan kaza. Tun a ranar, da na koma gida, na ce mata, da Turanci, kada ta ƙara yi min wannan yaren a gaban mutane. Ta ci gaba da tuƙa tuwonta na semo. Daga ranar sai ya zama ita ta yi min Hausa a cikin gida, ni in mayar mata da Turanci. Haka muka yi shekara goma sha biyar.

Da na samu aiki a wani ofis a unguwar Port Saeed ta Dubai, na so in aika mata mayafi. Wata abokiyar aikina 'yar Indiya ta ce in je kasuwar Murshid Bazaar. Ranar Asabar da la'asar na tafi, zafi na dukana, ba na tunanin komai sai kalar da zan zaɓa.

Ina shiga layin farko na ji an ce a bayana, "Matsa, matsa, kaya na tafe!" Na juya da sauri, zuciyata ta ba ni mahaifiyata ce, duk da muryar namiji ce. Sai kunnena ya buɗe. Ga wasu mata uku suna taya leshi. Ga wani yana faɗa a waya a kan kwantenar da ba ta iso ba, yana cewa kalas, wato shi ke nan, shi ya gaji. Ga masu naɗe kwalaye da salatif suna rubuta Kano a jiki. Har wani mai shago ɗan Pakistan ya leƙo ya ce min, "Hajiya, shigo, akwai sauƙi." Yaren da nake rufe wa ƙofa a ƙauyenmu, ga shi a bakin titi ana ciniki da shi, ana tsokana, ana rantsuwa, ba mai ko waiwayowa. Na jingina da wasu kwalaye na kasa gaba na kasa baya.

Wani dattijo mai farin gemu yana zaune a ƙofar shagon kago, inda ake aika kaya gida, mutane sun kewaye shi, kowa Alhaji yake ce masa. Ya dube ni ya ce, baiwar Allah, lafiya? Na tattaro duk Hausar da ta rage min, na rusuna kamar yadda aka koya min, na ce, "Lafiya lau. Ina wuni? Ke ma Bahaushiya ce?"

Sai dariya ta ɓarke, har wani ya saki salatif ɗinsa ya riƙe ciki. Ban san me na yi ba, amma na san irin wannan dariyar. A raina na ce shi ke nan, can an yi min dariya, nan ma an yi, to ni 'yar ina ce? Na juya zan tafi.

Alhaji ya ɗaga hannu, kowa ya kama bakinsa. Ya sa aka ba ni kujera, aka kawo shayi, ya tambaye ni wa ya koya min Hausa. Na ba shi labari da guntuwar Hausata, ina yi ina cike giɓi da Turanci. Ya jima yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "'Yata, namiji 'kai' ake ce masa." Na ce masa ni a gidanmu ba a cewa "kai" sai in na fasa kofi. Ya yi dariya har da hawaye, ni ma na taya shi. Sai ya dubi mutanensa ya ce su daina raina Hausata, domin su a titi suka tsinci tasu, tawa kuwa mace ɗaya ce ta riƙe ta a ƙasar da ba mai amsa mata. Ya ce yalla, maza in kira ta yanzu.

Na kira. Da ta ɗauka ban yi magana ba, na ɗaga wayar sama don ta ji kasuwar. Da na mayar kunne sai numfashinta kawai nake ji. Na ce, "Mama, kina ji?" Rabon da ta ji Hausa daga bakina tun ranar rigar sanyi. Ta ce tana ji. Na ba ta labarin ɓarnar da na yi, ta yi dariya, na ce amma ke ma Mama, me ya sa ba ki taɓa koya min "kai" ba?

Sai ta ce, "Wa zan ce wa 'kai' a ƙauyen nan? Wanda nake ce wa ya tafi kina shekara uku."

Yanzu Hausata ta miƙe, ga shi har rubutu nake muku. Amma abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne, ni na ɗauka ni kaɗai ce na sha kaɗaici a wancan ƙauyen. Ban taɓa tunanin mace za ta yi shekara ashirin da wani abu da kalmar da ba ta da wanda za ta gaya wa ba, ɗayar da ta rage mata kuma, wato "ke", 'yarta ta hana ta faɗa a waje.

Shekarar da ta biyo baya ta zo min ziyara, na kai ta kasuwar. Tun daga farkon layi har ƙarshensa ko allura ba ta saya ba. Kowane shago sai ta tsaya ta ce, "Kai, nawa ne wannan?" A gaya mata, ta yi godiya, ta wuce na gaba. Ni dai ina biye da ita riƙe da jakarta, ban ce mata mu tafi ba.