Jatau Yana Nan

A ƙauyenmu na Kwarin Ɗorawa, can bayan Samaru, inda yanzu ɗakunan hayar ɗalibai suka cika ko'ina, kakata Iya Tabawa tana da labari iri biyu. Kowane yaro a gidanmu ya san bambancinsu tun kafin ya iya raba dawa da gero.

Da kaka, bayan girbi, aka fi zama. An ci tuwo, an jiƙa tukunya, sai a tara karan dawa a tsakar gida a hura wuta. Iya ta jawo 'yar kujerarta ta zube mana gyaɗa a faifai, domin a wurinta kunne ba ya cin labari hannu na zaune. Muna ɓara, tana magana. Ni Saratu ina damanta, ƙanena Ishaya yana kwance a kan ƙafarta yana satar gyaɗar da na ɓare.

In ta ce ga ta nan, to kura ce da dila, ko yarinyar da ta bi kurciya cikin daji. Mu sha dariya, a ƙarshe ta ce ƙurunƙus, ta kaɗe zaninta. Ƙurunƙus ɗin nan murfi ne. Ma'anarsa an gama, ƙarya ce mai daɗi, kowa ya je ya kwanta.

Amma wata ranar sai ta dubi wuta, sannan ta kira suna.

"Ga Jatau nan, ga Jatau nanku."

Ishaya ya tashi zaune. Mu duka mu amsa, "Ya zo mu gaisa."

Waɗannan mutanen ƙauyenmu ne da suka riga mu gidan gaskiya. Babu sarki a cikinsu, babu malami, babu wanda ya taɓa wuce kasuwar Sabon Gari. Akwai Lami mai daddawa da ta rasu wurin haihuwa. Akwai Dogo da ya faɗo daga giginya. Akwai jaririyar da ba ta kai ranar suna ba, Iya tana kiranta Baƙuwa, ita ma da nata labarin, gajere kamar yadda ta zauna. Duk suna kwance a gindin ɗorawar da ke bakin gonarmu, ba dutse, ba rubutu, sai ɓarin tukunya da aka kife wa kowa. Kalwar wannan bishiya Iya ke yin daddawa da ita. In wata ta ce ba ta cin abin da ya fito daga makwancin matattu, sai Iya ta ce, "Suna raye sun ciyar da mu, ga shi sun mutu ba su fasa ba. Ke ce za ki ƙi karɓa?"

Na Jatau muka fi so.

Jatau, in ji Iya, mutum ne gajere mai faɗin tafin hannu, mai cin tuwo kamar an aiko shi. Ba a taɓa kiran gayya ba shi a ciki ba. Ko bai ji kira ba, in ya jiyo gangar noma sai ya saɓi garmarsa ya bi sautin. Ya nome wa gwauro, ya nome wa matar da mijinta ya mutu, ya nome wa wanda suka yi faɗa jiya. Aibinsa ɗaya, waƙa. Allah bai ba shi murya ba, ya ba shi son rerawa. In ya ɗaga murya yana cewa ciyawa ki tashi ga baƙo, makaɗi yakan ɓata kiɗa, jakuna su amsa masa daga bakin rafi. A nan Iya takan kwaikwayi muryarsa, tsohuwar da ba ta cika dariya ba, mu yi ta birgima a ƙasa.

Ana tsakiyar maimai, wato noma na biyu, cikin marka, ciwon ciki ya kama shi da safe. Kafin washegari ya cika. Aka kai shi gindin ɗorawa. A hanyar dawowa mutane suka bi ta gonarsa, sai suka tsaya. Ciyawa ta fi dawa tsawo. Duk gonakin ƙauyen tas suke saboda hannunsa, tasa ce kaɗai ba a taɓa ba. Kowa ya je gida ya ɗauko fartanya, da ƙasar kabari a ƙafarsa, suka shiga. Ba ganga, domin ranar makoki ce. Can sai wani ya ɗauko waƙar ciyawa da muryar Jatau, a karkace, yadda shi yake yi. Na kusa da shi ya kama. Haka suka nome gonar, suna waƙa mara daɗi suna kuka. Dawar da aka girbe ita ta riƙe matarsa da 'ya'yansa har wata damina.

A nan Iya take tsayawa.

Ranar da Ishaya ya fara wayo ya ce, "Iya, to ina dodon?"

"Ka taɓa ganin gonar da ciyawa ta rufe cikin marka, ga yara a gida? Ka ga dodo."

"Kuma kin manta ƙurunƙus."

Ta ɗaga haɓarsa da yatsa. "Ban manta ba, ɗan nan. Ƙurunƙus na ƙarya ne. Jatau yana nan, gindin ɗorawa, ƙafafunsa wajen rafi. In ba ka yarda ba, gobe ka je ka gaishe shi."

Da haka take rufe labarin kowane mutum. Yana nan. Tana nan.

Shekaru suka tafi. Iya ta bi mutanenta gindin ɗorawa, ni na kife mata tukunya da hannuna. Na yi aure Sabon Gari, na soya ƙosai a bakin titi wajen PZ har hayaƙi ya cinye mini ido. Gari kuwa ya yi ta cin ƙauyenmu gona bayan gona, har sunan ya ɓace a bakin mutane. Awaki da garmar shanu suka watsar da ɓarin tukwanen. Gonarmu ce kaɗai ta rage a hannun Ishaya. Da ya rasu aka kai shi maƙabartar coci, da siminti da suna, gonar ta koma hannun ɗansa Bitrus, mai walda a Samaru.

Ban ce yaron mugu ba ne. Yana da iyali, yana ganin maƙwabta sun yi gini sun zuba 'yan haya. Wata Lahadi bayan sujada, wata 'yar zumuntar matan cocinmu ta ja ni gefe ta ce ta ga an shafa wa ɗorawa jan fenti, alamar za a sare ta.

Da safe na fito daga gidan 'yata a unguwar Jama'a, na tsai da keke napep, kujerar Iya a hammata.

"Mama, kujerata ba ta ishe ki ba?" in ji mai keken.

"Taka ta tafiya ce. Wannan ta zama ce."

Na tarar an kafa turaku an ja igiya, igiyar ta ratsa ta kan Lami ta bi ta kan Iya. Ga leburori da diga, ga mai injin yanka itace yana zuba mai, ga magini, wani dattijo da ake kira Malam Isiyaku. Na tsallaka igiyar na ajiye kujera na zauna.

Bitrus ya taho yana goge hannu a wando. "Gwaggo, lafiya?"

"Lafiya lau. Gaisuwa na zo."

"Wa za ki gaisar a nan?"

"Masu gidan."

Malam Isiyaku ya dube shi. "Bitrus, ka ce mini gona ce."

"Gona ce mana, Malam. Tatsuniyar tsofaffi ce kawai." Ya juyo wurina ya rage murya. "Gwaggo, kada ki ba ni kunya a gaban mutane. Gadon ubana ne. In akwai kabari, nuna mini guda ɗaya."

Na duba ƙasa. Ba tudu, ba tukunya, sai ciyawa da ledar ruwa. Ba ni da abin nunawa. Ni mace ce da aka aurar tuntuni, a maganar gona bakina ba ya cikin lissafi, kuma na san haka kafin in fito. Abin da na zo da shi shi ne abin da aka bar mini.

Na gyara zama na ɗaga murya. "Ga Jatau nan, ga Jatau nanku."

Wani lebura ya tuntsire da dariya. "Mama, tatsuniya da rana? Za mu ɓace a hanya fa."

"Kun riga kun ɓace, tunda kuna tsaye a kan mutane ba ku sani ba." Na sake kira, ba amsa. Na ce, "Ba na ci gaba sai an amsa, kuma ba na tashi sai na gama."

Rana ta ɗaga. Ɗalibai suka fara leƙowa ta tagogi, wasu da waya a hannu. Mai injin ya samu inuwa ya zauna. Bitrus ya kai ya kawo, ya kira 'yata a waya, ta ce masa ita ba ta taɓa iya tayar da ni daga inda na zauna ba. Da ya ga aiki ya tsaya cik, sai ya zo kaina, haƙora a cije, don kawai in yi in gama.

"To, ya zo mu gaisa. Yi sauri."

Ban gaya wa kowa amsar ba. Na dube shi. "Wa ya koya maka?"

Ya kau da kai. "Baba."

Na ba da labarin Jatau tun daga tafin hannunsa. Na yi waƙar ciyawa da muryar da Iya ta bar mini, leburori suka yi dariya har da riƙe ciki. Da na kai ga masu makoki sun shiga gona da fartanya, dariyar ta ɗauke. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne, sun san abin da ciyawar marka take nufi. Na kai ƙarshe na tsaya.

"Kin gama?" in ji Bitrus.

"Saura murfi. Kai ka ce tatsuniya ce. To rufe ta yadda ake rufe tatsuniya. Ce ƙurunƙus, in ɗauki kujerata in tafi, ka sare bishiyarka. Wallahi ba zan sake taka nan ba."

Kalma ɗaya ce, yaron goye ma ya iya ta. Kowa ya zuba masa ido. Ya buɗe baki. Ya dubi ɗorawa, ya dubi wajen da rafi yake a da.

"Baba ba ya cewa haka," ya faɗa a hankali.

"Me yake cewa?"

"Yana nan."

Malam Isiyaku bai jira umarni ba. Ya sunkuya ya tumɓuke turken da ke kusa da ƙafata. "Ni dai ba na haƙa a kan bayin Allah," ya ce. "Mama, nuna mini iyakarsu."

Na tashi na zaga da shi, ina kiran sunan kowa inda yake kwance, har Baƙuwa.

Kada wani ya ce na ci duka. An yi ginin, gonar ta tafi, ɗakunan dai suka ragu. Bitrus bai gaishe ni ba sai da Kirsimeti ta zo, matarsa kuwa har yau in mun haɗu a coci sai ta gyara ɗankwali ta dubi wani wuri. Ban ba su haƙuri ba, kuma ba zan ba su ba. Katangar gidan ta yi wani gwiwa a karkace ta kauce wa ɗorawa, ɗalibai suna shanya a inuwarta.

Da ina yarinya na ɗauka Iya tana ba mu labarin Jatau ne don mu koyi taimako. Sai da na zauna cikin igiyar nan na gane ba shi kaɗai ba ne. Ta san talaka ba a kafa masa dutse. Ta san tukunya tana fashewa. Sai ta kife wa mutanenta abin da akuya ba ta iya turewa, ta sa shi a bakin yara, ta hana mu murfin. Ishaya da ke satar gyaɗa yana neman dodo, ashe ya kai wa ɗansa saƙon bai rage ko kalma ba.

Yanzu jikokina in sun taru, ba wutar kara, sai fitilar caji, amma gyaɗa tana nan a faifai. Na gaya musu, ranar da tawa ta zo, kada su ƙara mini abin da ban yi ba. Su ce ta soya ƙosai, mai ya ƙone mata hannu, ta yi taurin kai, muryarta ba ta fi ta Jatau ba. In wani yaro ya ce an manta murfi, a ɗaga haɓarsa a gaya masa ba a manta ba. Saratu tana nan.