Maraƙan Bawa da rigar Haruna

Kakarmu Ige ba ta taɓa hura wuta don tatsuniya ba. Wutar ta kifi ce. Banda take yi a gidanta na Argungu, mu kuwa jikokin da ake turowa hutu daga Birnin Kebbi aikinmu korar mage da tura itace. Tatsuniyar ita ce ladan aikin. Da an idar da sallar magariba sai ta jera tarwaɗa a kan ragar ƙarfe, ta ja kujerarta 'yar tsuguno, hayaƙi yana zaɓen idon da ya ga dama. Ni ne babba a cikin jikokin, saboda haka ni ne mijinta, kuma ni nake shan mafi yawan gori.

"Kai ango, miji ba cefane," in ji ta, "matso da kunnuwan ga naka, su kaɗai ka kawo gidan ga."

Sai ta gyara murya ta ce, "Ga wata ta taso, wa ka tarbonta?" Mu ce mu ne, ta sauka lafiya.

Wadda ta fi zama a kaina ita ce ta Bawa. Bawa manomin fadama ne, ya gaji shanun huɗa guda biyu horarru, waɗanda suka san garma kamar yadda liman ya san alwala. Ranar kasuwa ya je sayen igiya, sai dillali ya nuna masa maraƙa biyu masu dogayen ƙafafu, ya ce in waɗannan suka girma, gona uku za su huɗe kafin hantsi. Bawa ya koma gida ya dubi shanunsa, ya ga abin da za su iya yau shi za su iya gobe, babu ƙari. Ya kora su kasuwa, ya dawo da maraƙan. Shekaru yana yi musu yankan ciyawa, matarsa tana aron shinkafa a maƙwabta. Da suka girma suka horu, har an ɗaura musu garma, sai ya tsaya ya ƙare musu kallo.

A nan Kaka takan canza murya, ta yi ta Bawa, mai nauyi kamar ta mai ilimi. "Waɗanga sun gama girma. To mi ni ka jira kuma?"

Ya sake kora su kasuwa. Haka ya yi ta yi har furfura ta cim masa. Duk ƙasar an shaida ba wanda ya kai Bawa idon maraƙi, gonarsa kuwa ta zama wurin da yara suke farautar gafiya. Mu yi ta dariya har mage ta samu sarari ta ɗauke kifi, Kaka ta ce, "Nan nab baro su, ban tsaya sallama ba. Ango, tashi bi magen ga, ko ita ma sai ta girma?"

Na girma na yi karatu daidai gwargwado, na zama malamin tarihi a wata sakandare a Birnin Kebbi. An kuma ɗora mini ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantar, ba don na iya ba, sai don na fi kowa tsawo a ɗakin malamai. Ganin jahilcina ne ya sa Emeka, mai shagon kayan gyaran babur a unguwar Nasarawa, wanda Hausarsa ta fi tawa Kabanci, ya saka mini wani wasa a waya. Ba ka jefa ƙwallo a wasan. Kai manaja ne, ka zaɓi 'yan wasa, ka horar da su, na'ura ta buga da ƙungiyoyin wasu mutanen a intanet. A ƙarshen kowane zango akan fito da sababbin 'yan wasa, manajoji su yi ta ɗauka bi da bi. Kowane da shekarunsa a rubuce, da iyawarsa a jifa da tsaro da tsalle. Ɗan shekara sha takwas yakan zo da hannu kamar na mai kamun kaza, amma horo yana kama shi da wuri, kuma yana da sauran lokaci. Ɗan ashirin da biyu yakan zo a shirye, sai dai abin da zai ƙaru da shi kaɗan ne. Duk dabarar wasan ita ce ka gauraya, ka samu masu ci maka wasan yau da masu gadonsu.

Ni ban gauraya ba. Na kamu da son yara. Duk wanda ya kai ƙarshen iyawarsa sai in sallame shi, in ɗauko ɗanye, ina jin kaina mai hangen nesa cikin makafi.

"Malam," Emeka yakan ce, "ƙungiyar taka firamare ce ko gidan raino? Jiya na ba ka kashi har sai da na ji kunya."

"Kai yau kake gani. Ni shekaru uku nake kallo."

"Bara ma haka ka ce. Shekaru ukun nan naka ba su tsufa?"

Da abin ya tsaya a waya, da ba komai. Mutanen cikinta ba su da uwa ba su da uba, in ka sallame su ba inda suke komawa. To amma ranar Asabar ɗin nan akwai gasar makarantu a Argungu, rigunanmu kuwa goma ne, yara sha ɗaya suna so.

Haruna ɗan Zauro ne, ɗan ajin ƙarshe. Ya shiga makaranta a makare, don sai da ƙannensa suka isa tsaron tsuntsu a gonar shinkafa aka sake shi, shi ya sa ya doshi ashirin. Ba shi da tsawo, amma jifarsa ba ta cika kuskure ba, kuma shi yake share filin kafin kowa ya zo. Tun yana ajin farko yake jiran wannan gasar, kullum ana ce masa manya na gabansa. Bana babu kowa a gabansa. Sai ga Sadiku, ɗan sha huɗu, dogo kamar giginya, wanda in aka ba shi ƙwallo yakan dube ta kamar an miƙa masa jaririn wani. Na dubi su biyun, kuma Allah ya sani ba yara na gani ba. Shekaru na gani da iyawa, a jere, kamar a waya.

Ranar Talata na kira Haruna gefe. Na yi masa jawabi mai kyau, irin wanda ake samun maki da shi, a kan gina ƙungiya da duban gaba, na ƙare da cewa rigar ta goma ta Sadiku ce. Ya saurara har ƙarshe, hannuwansa a baya.

"Malam, ni wace shekara ce tawa ke nan?"

Na ce ya fahimta. Ya ce ya fahimta, ya ɗauki tsintsiyarsa ya mayar ɗakin ajiya.

Jiya da yamma ina dawowa gida Gwadangaji a Keke Napep muka ratsa ta wurin masu banda, hayaƙin ya shigo mana. Ban san lokacin da na ji muryar nan mai nauyi a kunnena ba, tana maimaita tambayar Bawa, to mi ni ka jira kuma. Shekaru da yawa na ɗauka tatsuniyar ta gona ce, wato wawa ya bar iyalinsa da yunwa, kuma ni ban da gona, saboda haka ba ta shafe ni ba. Ban taɓa tsayawa a kan shanun ba. An ɗora musu horo, sun jure, sun koyi tafiya a layi, ranar da suka isa a ce to bismilla, ranar aka kora su. Laifinsu kawai sun zama abin da aka ce su zama. Kaka ba ta taɓa fassara mana ba, ba ta da wannan halin namu na malaman makaranta. Ta bar ta nan, ta san akwai ranar da za ta same ni.

Yau da safe na shiga aji ban ga Haruna ba. Na shirya zan ce wa Sadiku ya haƙura, shi da yake da shekaru a gaba, waɗanda dama su na dogara da su. Na nemo lambar mahaifin Haruna na kira.

"Malam, lafiya dai? Ya ce kun sallame shi, shi ya sa na ce ya taho, ga dashe ya kama mu. Bari in miƙa masa, yana cikin ruwa."

Na ji takun ƙafa cikin laka, sannan numfashinsa. Na ce masa na yi kuskure, rigar tasa ce, ya shigo mota gobe. Wannan karon ban yi jawabi ba.



"Malam, na gode. Amma Baba ya riga ya sallami ɗan ƙwadagon da zai ɗauka, don na ce masa ina nan har Lahadi. Kuma takalmana na ba Sadiku. Nasa silifa ne, ba za a bar shi ya shiga fili da su ba." Ya ɗan yi dariya. "Sun matse shi kaɗan. Ku ce masa ya riƙa lanƙwasa gwiwa kafin ya jefa, in ni na faɗa ba ya ji."

Na ce zan faɗa masa. Na fita filin, na tarar ba wanda ya share shi. Na ɗauko tsintsiyar da kaina, yara suna leƙe ta taga.