Gidan tsakuwa a gindin darbejiya

Shekarun baya, lokacin ina goyon fari, wata tsohuwa ta taɓa zama a gindin darbejiyar da ke ƙofar gidanmu a Yalwawa. Labarinta nake so in ba ku yau. Ku yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na tsaya a firamare, sauran a wayar nan na ƙarasa koya.

Ni 'yar wani ƙauye ce a yankin Buji, aure ya kawo ni Dutse. Maigidana birkila ne, in ya fita da safe sai magariba. Gidan na gado ne, ginin ƙasa da aka shafe da siminti: ɗakina, da soro, da wani ɗan ɗaki a kusurwa da muke zuba harawar awaki. Ban san kowa a unguwar ba. Ga shi Allah ya yi ni da tsoro. In yarinya ta yi barci da yawa sai in tashe ta in ga ko tana numfashi, in ta ƙi barci kuma in ce wani abu ne ya same ta. Ƙyauren soronmu na langa-langa ne, akwai wata 'yar huda da ƙusa ta bari a jiki. Nan ne talabijin ɗina. In na gama aiki sai in kafa ido ɗaya in kalli duniya.

Ta nan na fara ganinta, wata safiya da bazara. Ƙullin kaya ɗaya gare ta, da buta, da guntuwar tabarma, da 'yar tukunya, da tsintsiya. Abin da ta fara yi shi ne shara. Ta share gindin bishiyar tas, har ta bar zanen tsintsiya a ƙasa irin na matan da suka iya gida. Sannan ta tafi gindin dutsen da ke bayan unguwa ta ɗebo tsakuwa a bakin zaninta, sawu bayan sawu, ta dinga jerawa a ƙasa. Layi nan, layi can, wani zagaye a gefe, da duwatsu uku na murhu. A ɓangaren da ke kallon hanya ta bar wani gibi kamar taku ɗaya.

Kwana uku na yi ina kallo kafin in gane. Ba ta taɓa tsallake layin nan ba. In za ta fita ta gibin take bi, in ta dawo a nan take cire takalmi. Rannan akuya ta sa mata baki a tukunya, ta bi ta da tsintsiya, akuyar ta yi tsalle ta wuce, ita kuwa duk da fushinta sai da ta zagaya ta fita ta gibin. Na yi dariya ni kaɗai a soro.

Mutanen gari ba su ga komai ba. Masu babur su ratsa ta tsakiya don yanke hanya, masu wucewa su yi fatali da tsakuwar ba tare da sun duba ƙasa ba. Masu tausayi ma, daga inda suke tsaye suke miƙa mata ledar abinci, wani ta baya, wani ta gefe, su wuce. Ita dai ta yi godiya, ta durƙusa ta mayar da kowace tsakuwa wurinta. Da yamma, in rana ta yi ja a kan duwatsu, sai ta zauna a tsakiyar zanen ta miƙe ƙafa tana jan carbi, inuwar ganye tana yawo a jikinta. A irin wannan lokacin in na daɗe ina kallo, wallahi har sai in ga kamar da bango.

Matan unguwa da muke haɗuwa a layin rigakafi suka ce mahaukaciya ce. Wata ta sassauta murya ta ce in kula da goyona, tsofaffin da ba a san asalinsu ba ba a barin su suna kallon yaro. Wannan maganar ta ƙi fita daga raina.

Sai ga yarinya ta kwanta zazzaɓi, ga zawo, ga kuka ba ji ba gani. Ina dawowa daga asibiti da ita a baya, tsohuwar ta ɗago kai ta ce mini sannu, in kwantar da hankalina, haƙori ne ke tafe. Na faɗa soro da gudu na danna sakata. Ta yaya ta san ba ta da lafiya? Ban tsaya na tuna cewa unguwar duka ta kwana biyu tana jin kukan ba.

Na tasa maigidana gaba a kan sai an tashi tsohuwar. Ya ce bishiyar ba tasa ba ce, matar kuma ba ta tare wa kowa komai ba. Na yi kuka, na ƙi cin abinci, na ce ko ita ko ni in koma Buji. Don a zauna lafiya ya je ya faɗa wa mai unguwa. Mai unguwa ya ce ai an zo a daidai, akwai motar hukuma da ke zagawa tana kwashe masu kwana a titi, ranar Alhamis za ta biyo ta wajenmu, zai ba da sunan wurin. Na tambayi inda ake kai su. Maigidana ya ce wasu sun ce wani gida ne a bayan gari, wasu sun ce a hanyar garuruwansu ake sauke su. Ba wanda ya sani sosai, ba kuma wanda ya damu ya bincika.

Wannan ranar Litinin ce. Ranar Talata da safe ina ba yarinya nono ta gartsa mini cizo. Na buɗe bakinta, sai ga haƙora biyu farare kamar ƙwayar shinkafa. Zazzaɓin ya sauka, har tana bangala mini dariya. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina.

Da azahar barci ya ɗauke ni a tabarma. Na yi mafarki tsakuwar nan tana tsiro kamar gero, tana tashi a hankali har ta zama bango, ga hayaƙi yana fita ta sama, ga ƙanshin daddawa. Ni kuma ina waje da goyo, hadari ya haɗo, ina ta zagayawa ina shafa bangon ina neman ƙofa. Na farka da gumi.

Na tuƙa tuwo na kaɗa miyar kuka, na sa hijabi na fita. Saura kaɗan in tsallake layin kamar kowa, har na ɗaga ƙafa. Sai na mayar da ita, na zagaya, na tsaya a bakin gibin na yi sallama.

Ta ɗago kai ta dube ni. Sannan ta amsa, ta kakkaɓe tabarmar da hannu.

"Shigo, 'yar nan," in ji ta. "Wata bakwai rabon da a yi mini sallama."

Na cire takalmi na shiga. Na ce mata Inna, ban san lokacin da sunan ya fito daga bakina ba. Tana ci tana nuna mini gidan da yatsa: nan ɗakinta, nan rumbu, nan turken akuya, can madafi. Ashe gidanta ne na can wani ƙauye wajen Taura, ta zana shi yadda yake kafin ruwa ya cinye shi. Ta ce an tara su a wata firamare, da aka koma karatu kowa ya nufi danginsa. Ita mijinta ya rasu, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu, filin gidan kuma ya zama kududdufi. Ta ji ana rubuta sunayen waɗanda za a taimaka wa a Dutse, ta zo, ta tarar an gama. Ta zauna a tasha aka tashe ta, bakin kasuwa aka tashe ta, jikin katangar wani babban gida ma mai gadi ya watsa mata ruwa.

Na kasa riƙewa, na faɗa mata abin da na yi, da maganar motar Alhamis. Na zaci za ta tsine mini. Sai ta yi murmushi ta ce tashi ba baƙonta ba ne, abin da ke damunta kawai tsakuwa ba ta ɗaukuwa, duk inda ta je sai ta sake tarawa, kuma bayanta ya fara gajiya.

Da maigidana ya dawo na sake tasa shi gaba da wani sabon kukan, a kan kada a bari motar ta tafi da ita. Ya kalle ni ya girgiza kai.

"Shekaranjiya mayya, yau kuma Inna? Gobe sai ki ce ita ta yanke miki cibiya."

Duk da haka ya koma wajen mai unguwa. Aka ce masa an riga an ba da wurin, ba a janyewa, amma duk wanda aka tarar a ƙarƙashin rufin wani magidanci ba a taɓa shi. Sai muka ce ai abu mai sauƙi ne, ga soro. Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi, baƙo in ya sauka gari soro ake share masa. Ranar Laraba da safe na wanke soron, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na kunna turaren wuta, ina jin kaina kamar wadda ta gina masallaci.

Inna ta shigo ta zauna. Ba ta yi rabin awa ba maigidana ya ratsa da buhun siminti, ɗan garuwa ya ratsa da jarkoki, awaki suka ratsa, maƙwabciyata ta ratsa neman aron rariya. Kowa sai ta janye ƙafa ya wuce. Can ta miƙe, ta yi mana godiya da addu'a mai tsawo, ta ɗauki butarta.

"Ɗan nan, soro hanya ce," ta ce wa maigidana. "Can ma a hanya nake, amma can ina da ƙofa."

Ta koma gindin bishiyarta. Ni haushi ma na ji. Ga rufi, ga bango, ga damina ta kawo kai, ga mota gobe, mutum ya ce shi tsakuwa yake so? Maigidana kuwa ya leƙa waje. Ya tsaya yana kallon zanen nata daga soro, irin kallon da yake yi wa fili kafin ya kafa igiya. Can ya yi dariya ya ce shekara goma sha biyar yana gina wa mutane gida, yau tsohuwa ta koya masa aiki.

Bai je wajen aiki ba. Ya kwashe harawar ya mayar soro, ya ɗauki diga ya fasa bangon ɗan ɗakin nan ta ɓangaren titi. Wuni ya yi yana gyara bakin, ya samo wani tsohon ƙyaure wajen abokin aikinsa, ya kafa sakata ta ciki. Ranar Alhamis da sassafe Inna ta zo ta duba. Ta buɗe ƙyauren, ta rufe, ta sake buɗewa. Ta ja sakatar ta saurari ƙararta. Sannan ta koma ta ɗauko ƙullinta da tsintsiya, ta cire takalmi ta shiga.

Da hantsi motar ta iso. Ina bakin hudar ƙyaure ina kallo. Wani jami'i ya sauko da takarda, ya duba gindin darbejiya, ba kowa sai tsakuwa. Ya tambaya, maigidana ya nuna masa sabuwar ƙofar da simintinta bai gama bushewa ba. Mutumin ya taka har can. Ya ɗaga hannu kamar zai tura, sai ya tsaya. Ya gyara murya ya yi sallama.

Daga ciki muka ji muryar Inna, a natse, ba gaggawa.

"Wa alaikumus salam. Wane ne?"

Jami'in ya ce a'a, ba komai, gaisuwa ce, ya juya.

Amma motar ba fanko ta zo ba. Da za ta juya na hango na bayanta: wani dattijo rungume da rediyo, da wata mata mai jan ɗankwali da ta kafa wa gidajenmu ido ɗaya bayan ɗaya. Har yau ban san inda aka kai su ba, kuma har yau ina ganin ɗankwalin nan in na rufe ido.

Maigidana yakan ce akwai gidajen da ya gina a garin nan da hannunsa, an yi rufi an sa ƙofa, shekara da shekaru ba mai kwana ciki sai ƙadangaru. Ni ban yi karatun da zan san yadda ake tsara gari ba. Abin da na gani kawai shi ne mutum ba kaya ba ne da za a matsar daga inda ido ke gani, kuma rufi kaɗai bai isa ba. Ɗan ɗakin harawa da ƙyaure ɗaya ya wadatar da Inna shekara huɗu, har Allah ya karɓi abarsa, Allah ya jiƙanta. Ɗakin bai koma na harawa ba, yanzu ma akwai wata a ciki.

Tsorona dai bai tafi ba, har gobe ina tashin yara in duba numfashi. Ɗazu ina sauri zan sauke tukunya, 'yar farin nan tawa tana wasa a tsakar gida, ta jera tsakuwa layi-layi kamar yadda Inna ta koya mata. Ban lura ba na tsallake.

"Umma," in ji ta, "ta bango kika shigo."

Na bar tukunyar tana tafasa, na zagaya, na nemi ƙofar.