Ranar da Fannami Mai Gwafa Ya Nemi Hannu

Duk mai fita da sassafe a unguwarmu nan Difa ya san Ba Fannami. Shi ne siririn dattijon nan da ke dawowa daga masallaci kansa a ɗage, kamar mai neman jinjirin wata. Ba zai kai gida ba sai ya tsaya ƙarƙashin wata waya ya dube ta, ya girgiza kai, ya buga ƙofar mai ita ya ce a ja ta sama kafin ta ja wa wani. Matarsa Umma ta ce tun da ta aure shi bai taɓa yin tsintuwa a ƙasa ba, amma tuntuɓe kam babu dutsen da bai san babban yatsansa ba. In ya zauna bakin zaure ya sha shayi, sai ya jawo gwafarsa ya share ta da tsumma tun daga gindi har baki, alhali bana ya aje aiki.

Bari in gaya muku aikin, don na san da yawanku ba ku san akwai shi ba. Kun ga manyan injunan nan da ake saukewa daga jirgi a bakin teku, da can a Kwatano, yanzu a Lome, a ɗora su bisa doguwar tirela mai ƙasa-ƙasan baya, tsayinsu ya fi na soro? Kafin su iso mana sai sun ratsa gari bayan gari, kowane gari kuwa da wayoyinsa da suka tsallake hanya, da rassan itatuwansa. To akwai mutum guda da ke sauka a bakin kowane gari, ya ɗauki doguwar gora mai baki biyu a kai, wadda ake kira gwafa, ya shiga gaban mota a ƙafa. Shi zai ɗaga waya ya riƙe ta sama har kaya su wuce, ya sauke ta a hankali, ya ruga gaba ya tari ta biyu. Direba ake gani, direba ake ɗaga wa hannu. Mai gwafa kuwa ko suna ba shi da shi; har gemunsa ya yi fari 'yan tasha ba su daina ce masa tsohon afaranti ba, wato yaron mota.

Fannami ya tsufa a wannan aiki tare da direba guda, Laminu, Bafillacen N'Guelbély. Kun san Fulani da Barebari, ba a raba su da wasa. Laminu kan ce shi ya tsinci Fannami a gefen hanya yana tallan kifi, ya ji tausayinsa ya ba shi sanda don ya ɗanɗana kiwo. Fannami ya ce ai shi ke gaba, Laminu na binsa a baya da kaya, sai a duba a gani wane ne makiyayi, wace ce saniya.

Laminun ne ya ba ni yawancin labarin nan, ban da abin da na gani da idona. Ya ce Fannami bai taɓa ɗaga waya ba sai ya tambayi ta wane ne, ya yi sallama, ya sa an kashe wutar tukuna. Wata shekara a wani ƙauye gaba da Gure, reshen tsamiya ya tare musu hanya. An kawo gatari, mai gari ma ya yarda a sare. Fannami ya dubi inuwar, ya ga turame da tabarmi a ƙasanta, ya ce a ba shi igiya. Ya hau ya ɗaure reshen, aka ja shi baya har mota ta wuce, aka sake shi ya koma inda Allah ya aje shi. Laminu ya ce ranar ya yi ta masifa don sun ɓata yini, amma har yau in ya bi ta ƙauyen sai an tare shi da ƙwaryar fura, shi da bai hau ko'ina ba.

Abu ɗaya ne kowa ya sani game da shi: ba ya ba kowa gwafarsa, ba ya kuma yarda a kama masa. Wasu na cewa girman kai ne. Ba haka ba ne. Cewa yake waya ba ta san ɗan taimako ba. In za ta tsinke ta tsinke a hannunsa, in za ta kama mutum ta kama shi, kada a je a gaya wa uwar wani cewa ɗanta ya zo kallon mota ya mutu. Kai ne ka ɗauki wannan kaya kai kaɗai, Fannami, tun daga bakin teku har bakin kogin Komadugu, kuma babu garin da ka bari cikin duhu.

To sai tafiyar ƙarshe. Wani furoje, irin shirin taimakon manoman nan, ya sayo inji mai dogon hannu da haƙoran ƙarfe, irin mai tuge itace ya niƙe, don share baƙuwar ƙayar nan da ta cinye gonakin tattasai a gaɓar kogi. Su Laminu aka ba ɗaukowa. Laminu ya yi ta tsokanarsa a hanya, wai ga mai tausayin reshe ya zama ɗan rakiyar kurar itace. Amma tun daga Maraɗi ya lura abokinsa da hannun hagu yake sa hula, in zai hau mota kuma sai ya cije leɓe. Kafaɗar dama ce ta gaji. Laminu ya yi masa magana, Fannami ya ce sanyin tabarma ne. Ko Umma bai gaya wa ba.

Hanyar da za ta kai injin bakin gonaki ɗaya ce, ta ratsa unguwar da mutanen tafki suka zauna tun da rikici ya taso su daga wajen Bosso. Sauran hanyoyin yashi ne, tirela ba za ta fita ba. A tsakiyar unguwar kuwa wata tsohuwar waya ta tsallake hanya, ta yi ciki, duk jikinta ɗauri ne da faci. Ita ke kai wuta ga injin famfon unguwar. Famfo ɗaya gare su. Kafin a samu wannan waya matan nan can nesa suke zuwa ɗiban ruwa da jarka a kai, kuma wadda ta yi ta kai da kawo har aka jawo wayar ita ce Ya Zainab, wata bazawara mai faɗa a ji, wadda ranar tana tsaye a gindin famfon ta riƙe ƙugu.

Laminu ya dubi wayar, ya dubi kafaɗar, ya jawo Fannami gefe. Ya ce masa a yanke ta kawai, mota ta wuce, daga baya a turo mai gyara ya haɗa. Fannami ya ce wannan waya in aka yanke ta ba ta haɗuwa, sabuwa za a nema, kuma ya daɗe a hanya ya san tsawon "za a turo". Ya je ya gaida Ya Zainab da Barbarci, ya roƙi a kashe wuta, ya tabbata an kashe. Sannan ya kafa gwafa ya ɗaga.

Ina wurin, na je sayen busasshen kifi. Mota ta fara jan ciki a hankali, kanta ya wuce, gaban tirela ya shiga. Daidai lokacin da haƙoran injin suka zo ƙarƙashin wayar sai na ga gwafa tana rawa. Fannami ya yi wa Laminu alama da kai, mota ta tsaya. Kun ga inda abin ya tsaya: in ya sauke, waya ta faɗa kan haƙora ta tsinke, baya kuma ba ya yiwuwa, don ƙafafun tirela sun riga sun nutsa gefen yashi, gaba kuwa da sauran tsawo, hannunsa ba zai kai ba. Zufa ta jiƙe masa riga. Laminu ya leƙo ta taga, wasa ya ƙare a fuskarsa.

"Fannami, bari in sauko in kama maka."

"Ka sauko wa zai ja motar, saniyarka?" in ji Fannami.

Samari biyu suka matso za su kama gorar, ya daka musu tsawa suka ja baya. Halin shekara da shekaru ba ya fita da gudu. Wayar ta ƙara yin ƙasa kaɗan. Ya Zainab wayar kawai take kallo. Ni dai na ga lokacin da ya dubi fuskarta, sannan ya ɗaga ido kan rumfunan da ke gefen hanya. Mutanen nan da suka tsallako ruwa sun bar jiragensu a baya, amma da yawansu sun taho da dogayen gorunan da suke tuƙa su, suka yi ƙashin rumfa da su. Sun shekara a rana sun bushe ƙayau.

"Ya Zainab," ya ce, "gorar can ta kan rumfarki, ta jirgi ce?"

"Ta marigayi ce."

"Ki ara mini. Ki ara mini da masu riƙewa. Na kasa."

Ban taɓa jin kalma ta fito wa mutum da wuya kamar wannan ba. Ya Zainab ba ta tsaya jin sauran ba, ta je ta zare gorar da hannunta, rumfar ta zube kan tukwanenta ba ta ko waiwaya ba. Da maƙwabta suka gani sai kowa ya nufi tasa. Kafin ka ce me, rumfuna sun kwanta, goruna sun tashi. Fannami ya sa aka naɗe kan kowace da tsumma, ya jera su wannan gefe da wancan, yana faɗin inda kowa zai sa tasa, da cewa kada wanda ya tura, a tallafa kawai kamar ana riƙe kan jariri. Tsofaffin masunta da suka daɗe ba su taɓa gora ba suka gyara tsayuwa kamar suna cikin jirgi. Wani ma, da ya ji ta a tafinsa, sai da ya share ido da kafaɗa.

Waya ta tashi. Laminu ya ja mota kamar mai tafiya bisa ƙwai, haƙoran suka wuce, gindin tirela ya wuce. Aka sauke a hankali. Ya Zainab ta sa aka mayar da wuta, muka kasa kunne gaba ɗaya har muka ji injin famfo ya yi tari ya kama, ruwa ya zubo cikin bokitin da ke jira. Sai a lokacin Fannami ya saki gwafa ya zauna a ƙasa, hannunsa na lilo. Laminu ya zo ya tsuguna gabansa, ya ce to yanzu dai an ga wanda ya fi kowa garke. Fannami bai rama ba. Bai kuma bar unguwar ba sai da aka tayar da kowace rumfa, shi yana riƙe igiya da hannun hagu.

Yanzu injin yana can gaɓar kogi yana cin ƙaya, an ce wasu gonakin har sun fara ganin rana. Masu tattasai za su gode wa furoje, su gode wa direba, kuma sun kyauta. Ni kuwa na ce sai na rubuta sunan wanda ya taho a ƙafa.

Ba Fannami, na san ba ka son a tuna maka wannan rana. Umma ta ce in aka ɗauko zancen sai ka tashi ka shiga ɗaki, kana cewa ranar da ka gaza ce. To ka yi haƙuri da tsohuwa, ni ba haka na gani ba. Kai ne ka riƙe sunanka shekaru ba ka bari ya taɓa ƙasa ba, kuma da aka zo zaɓi tsakanin sunan nan da ruwan shan mutane, ka sauke sunan ka bar wayar a sama. Mun gode. Allah ya ba kafaɗa lafiya, ya saka maka da inuwar da ta fi duk wadda ka hana a sare.

Ku kuma yaran yanzu, masu mota da masu ofis, in aikinku ya biyo ta kan abin wani, ku tsaya ku tambayi mai shi, ku bar masa yadda kuka tarar. In hannu ya gaji ku faɗa tun abin bai faɗi ba, ba a mutuwa don an ce na kasa.

Sai saƙo ɗaya da aka ba ni. Ya Zainab ta ce in gaya maka, Fannami, tun ranar ba ka sake bi ta unguwarsu ba, kuma sun gane kunya ce. Ta ce ka zo ka sha ruwa. In ka ƙi, za su zo da gorunansu su ɗauko ka.