Audi da Barewar Kirsimeti

Audi mutumin Damagaram ne, hajji ya kawo shi, ya zauna a Madina, unguwar Harra ta Yamma. Ba shi da surutu, amma duk abin da ke yawo a jeji ya iya gasa shi, daga zomo har damon Larabawa da suke kira dabbu. Direba ne a sansanin wasu Turawa masu aikin titi, can bayan garin Madina.

A sanyin 1979 mudir ɗinsu, wato Baturen da ke shugabantar aikin, ya nuna masa kati mai hoton barewa mai jan hanci, tana jan keken wani tsoho mai farin gemu.

"Irin wannan nake so ranar bikinmu na Kirsimeti. In ba ka samo ba, nemi wani aikin."

Audi ya shiga duwatsu farauta. Ranar biki ya dire barewa a kan tiren shinkafa, gasasshiya, da tumatir a hanci.

Mudir ya dafe kai. "Audi, hoto yarana za su ɗauka da ita."

"To su hanzarta, yallaɓai, kafin ta huce."

Da aka zo ci, sai da Baturen ya ƙara faranti. Audi ya ci gaba da tuƙinsa har aka gama titin.